Sanin Makamar Aiki a Sana'ar Kiɗa da Waƙa

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu daraja, abin da nake so in yi ɗan bayani a kansa a wannan fitowa ta mujallar makarantarmu shi ne yadda ɗaliban manyan makarantu suke koyon sana'ar kiɗa da waƙa da hannunsu tun suna cikin karatu, ta hanyar abin nan da ake kira horon sanin makamar aiki. Dalilin da ya sa na zaɓi wannan magana kuwa shi ne, na lura ko a ajinmu kaɗai akwai waɗanda ba su da wani buri sai su zama mawaƙa, kuma na san akwai iyayen da in suka ji haka gabansu yakan faɗi. Ɗa yana hangen suna da mota, uba yana hangen roƙo da yawon banza. A ganina su duka biyun mutum ɗaya suke kallo, watau wanda ke riƙe da makirfo, alhali kuwa shi ɗaya ne tak cikin jama'a masu yawa da suke cin abinci a wannan sana'a.

Kafin waƙa ta iso kunnenka, sai ta bi ta hannun wanda ya tsara baitocinta, da wanda ya sa mata kiɗa, da injiniyan da ya ɗauki murya ya tace ta. Daga nan akwai lauyan da ya rubuta yarjejeniya, da akantan da ke lissafin rabon kowa, da manajan da ke shirya tafiye-tafiye, da mai talla, da mai kula da lasifika ranar wasa. Yawancinsu ko baiti ɗaya ba su iya rerawa ba. Kuɗin da ke yawo a hannunsu kuwa ba kaɗan ba ne. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta duniya, watau IFPI, ta ba da lissafi cewa a shekarar 2023 waƙoƙin da aka ɗauka sun kawo dala biliyan 28.6 a duniya, kuma kimanin kashi biyu cikin uku na wannan kuɗi ya fito ne daga sauraro ta intanet. A wannan shekara ba inda cinikin ya yi saurin ƙaruwa kamar Afirka kudu da Sahara, inda ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100.

Zan fara da Amurka, domin can ne wannan horo ya fi kafuwa, sa'an nan in dawo gida. Ma'anarsa dai ita ce, ɗalibi ya bar aji na ɗan wani lokaci, ko kuwa na wasu kwanaki a kowane mako, ya je wani kamfani ya yi aiki ƙarƙashin waɗanda suka ƙware, makaranta kuma ta lasafta masa wannan aiki cikin makinsa. Ba a sana'ar waƙa aka fara shi ba. A shekarar 1906 wani malamin aikin injiniya a Jami'ar Cincinnati, mai suna Herman Schneider, ya shirya wa ɗalibansa tsarin da za su riƙa yin mako guda a aji, mako guda a masana'anta, domin ya lura cewa waɗanda suka taɓa ƙarfe da hannunsu sun fi saurin gane abin da ke cikin littafi. Daga nan wasu jami'o'i suka ɗauka, har abin ya kai ga aikin jarida da ciniki da sauran fannoni.

A fannin waƙa kuwa, garin da ya kamata mu duba shi ne Nashville, babban birnin jihar Tennessee, cibiyar kiɗan nan da suke kira kantiri, watau waƙoƙin mutanen karkara na Amurka. A cikin birnin akwai wata unguwa da ake kira Music Row, wadda tituna biyu ne ƙashin bayanta, na 16 da na 17. Kamfanonin faifai da situdiyoyi da ofisoshin lauyoyin mawaƙa suna jere a wurin, da yawansu ma a cikin tsofaffin gidajen kwana da aka mai da ofis. A ƙarshen waɗannan tituna Jami'ar Belmont take, ta yadda ɗalibi zai iya fita daga aji ya taka da ƙafa zuwa wurin aiki. Tun farkon shekarun 1970 wannan makaranta ta fara koyar da kasuwancin waƙa a matsayin fanni mai zaman kansa, a shekarar 2001 kuma ta sayi wani babban situdiyo mai suna Ocean Way, wanda ke cikin ginin wani tsohon coci. Tana kuma aika ɗalibanta New York da Los Angeles su yi zangon karatu guda, suna aiki da rana suna ɗaukar darasi. Akwai wasu makarantun irinta, kamar Jami'ar Middle Tennessee a garin Murfreesboro, da Kwalejin Berklee a Boston, wadda aka kafa a 1945.

To, wane irin aiki ake ba ɗan koyo? Kada wani ya zaci ranar farko za a zaunar da shi kusa da shahararren mawaƙi. In ofis aka kai shi, aikinsa amsa tarho, da jera takardu, da shigar da sunaye cikin kwamfuta, da sauraren waƙoƙin da sababbin mawaƙa suka aiko domin ya ware masu ɗan dama. In situdiyo ne, shi ne mai zuwa da sassafe ya share ɗaki, ya kafa makirfo, ya naɗe wayoyi, ya kawo shayi, ya rubuta inda aka tsai da kowane maɓalli domin in an dawo gobe a ci gaba daga inda aka tsaya. In kuwa wurin masu shirya wasanni ne, zai ɗauki kaya, ya ƙirga tikiti, ya tabbata motar makaɗa ta iso kan lokaci. Aiki ne na yaron gida, amma yaron gidan da kunnensa ke buɗe. Yana jin yadda ake cinikin yarjejeniya, yana ganin yadda ake lallashin mawaƙin da ya fusata, kuma manya suna lura da shi ko ba su nuna ba.

Ga misalai biyu daga Belmont. Trisha Yearwood, wata 'yar jihar Georgia, ta yi horonta a kamfanin faifai na MTM tana ɗaliba. Da ta gama karatu sai suka ɗauke ta aikin karɓar baƙi da amsa tarho. Tana wannan aiki ta riƙa rera waƙoƙin gwaji ga masu tsara waƙa, watau ta rera abin da suka rubuta domin su kai wa manyan mawaƙa su ji ko za su saya. Ta haka muryarta ta shiga kunnen masu kamfanoni, faifanta na farko kuma da ya fito a 1991 an sayar da fiye da kwafi miliyan 1. Na biyu shi ne Brad Paisley. Shi kuwa wurare uku ya yi horo: ƙungiyar ASCAP mai karɓar wa masu tsara waƙa haƙƙinsu, da kamfanin faifai na Atlantic, da wani ofishin manajojin mawaƙa. Ya gama karatu a 1995, cikin 'yan kwanaki kuma kamfanin EMI ya ba shi kwantiragin rubuta waƙoƙi. Wanda ya shirya masa faifansa na farko a 1999, Frank Rogers, abokin karatunsa ne a makarantar.

Sai dai ina jan hankalinmu, irin waɗannan labarai suna da daɗin ji ne saboda ba su da yawa. Mafi yawan waɗanda suka yi wannan horo ba su zama taurari ba, kuma ba don haka aka shirya shi ba. Sun zama injiniyoyi ne da akantoci da ma'aikatan ofis, wasu ma sun gano tun da wuri cewa sana'ar ba ta dace da halinsu ba, suka sake hanya tun ba su ɓata shekaru ba. Ni ina ganin wannan ma riba ce babba.

Akwai wani ɓangare da nake so in daɗe a kansa, domin shi ne wanda mu matasa muka fi rainawa, watau aikin takarda. A dokar haƙƙin mallaka, kowace waƙa da ka ji a waya dukiya biyu ce, ba ɗaya ba. Ta farko ita ce waƙar kanta, baitocinta da karinta, wadda ke hannun wanda ya tsara ta. Ta biyu ita ce ɗaukar da aka yi mata, wadda yawanci ke hannun wanda ya biya kuɗin situdiyo ko kamfanin faifai. Kowacce da hanyar da kuɗinta ke bi. Domin karɓar rabon masu tsarawa ne aka kafa ASCAP a 1914, da wata takwararta BMI a 1939. Kowace ɗauka kuma akan ba ta wata lamba mai haruffa da alƙaluma 12, wadda ake kira ISRC, ita ce kamar lambar mota, da ita kwamfuta ke gane waƙa a ko'ina cikin duniya. Idan mutum uku suka haɗu suka tsara waƙa, akwai takardar da ya kamata su cika tun a ranar, mai nuna kashi nawa ne na kowa, su sa hannu.

Ɗan koyo ne sau da yawa ake ba shigar da waɗannan bayanai, kuma in ya kuskure harafi ɗaya a sunan mutum, kuɗin wannan mutum sai ya maƙale a hanya. Kada a ɗauka ƙaramin abu ne. Bayan wata doka da Amurka ta yi a 2018, an kafa wata hukuma a Nashville mai suna MLC domin raba irin wannan kuɗi. A watan Fabrairu na 2021 kamfanonin sauraro ta intanet suka miƙa mata fiye da dala miliyan 424, kuɗin da ya taru shekara da shekaru ba a san masu shi ba, saboda ba a iya haɗa waƙoƙin da sunayen waɗanda suka tsara su ba. Malami zai iya faɗa wa ɗalibi wannan a aji, ya rubuta a jarrabawa ya ci. Amma ranar da wani dattijo ya bugo tarho yana tambayar inda haƙƙinsa ya shiga, kai ne kuma ka ɗauki tarhon, ranar ce za ka san nauyin abin.

Duk da wannan amfani, horon yana da nasa aibin, babba kuwa shi ne maganar biya. Shekaru da yawa kamfanonin waƙa da na fim a Amurka sun saba ɗaukar ɗalibai ba ko kwabo, a kan cewa ilmin da suke samu shi ne ladansu. A shekarar 2011 wasu mutum biyu, Eric Glatt da Alexander Footman, waɗanda suka yi horo a wajen shirya fim ɗin Black Swan, suka kai kamfanin Fox Searchlight ƙara, suka ce aikin ma'aikata aka sa su, don haka a biya su. A 2013 alƙalin kotun tarayya a New York ya ba su gaskiya. Wannan hukunci ya buɗe ƙofa, ƙararraki suka yi ta biyowa, har a 2015 kamfanin waƙa na Warner ya yarda ya biya dala miliyan 4.2 domin a sasanta da tsofaffin 'yan koyonsa. A cikin wannan shekara ta 2015 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin farko, ta kawo wani sabon ma'auni: a duba wa ya fi cin moriyar zaman, ɗalibi ko kamfani. Ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta karɓi wannan ma'auni a watan Janairu na 2018. Daga cikin abubuwan da ake dubawa akwai ko horon yana da alaƙa da darussan ɗalibi, ko an yi la'akari da lokutan karatunsa, ko yana da ranar ƙarewa, da kuma ko an sa shi ne ya maye gurbin ma'aikacin da ya kamata a biya.

Ni dai a nawa ɗan tunanin, ko da doka ta halatta aikin kyauta, akwai rashin adalci a ɓoye cikinsa. Wa zai iya zama wata uku a New York yana aiki ba albashi? Sai wanda ubansa zai biya masa haya da abinci. Ɗan talaka kuwa dole ya nemi aikin da zai ci, ko da ya fi kowa basira. Ke nan ƙofar da aka ce a buɗe take ga kowa, da kuɗi ake shigarta. Amma wannan ma'auni na kotu, watau wa ya fi cin moriya, ma'auni ne mai kyau, kuma ina ganin ko a nan garinmu za mu iya auna abubuwa da shi.

Wannan ya kawo mu gida. Koyon kiɗa a ƙarƙashin ubangida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Makaɗanmu na gargajiya ba wanda ya wayi gari ya ga kansa shugaban ƙungiya. Yaro yakan fara da ɗaukar kayan kiɗa, ya koma amshi, ya yi shekaru yana sauraren inda maigida ke ɗaga murya da inda yake sassautawa, da yadda ake shiga fada da yadda ake fita. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, wurin mahaifinsa ya fara koyo, ya kuma yi zama ƙarƙashin wansa kafin ya ja tasa ƙungiya. Bambancin kawai shi ne, wancan yawanci gado ne, ba ya da ranar gamawa, kuma ba ya da takarda. Na makaranta kuwa kowa na iya shiga ko da ba a taɓa kiɗa a gidansu ba, an ƙayyade watanninsa, kuma akwai malamin da ke bin sawu.

A Nijeriya muna da namu tsarin. Gwamnatin tarayya ta kafa asusun horar da ma'aikata, ITF, a 1971, hedkwatarsa tana Jos, shi kuma ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973, saboda masu masana'antu suna kukan cewa waɗanda suka fito daga manyan makarantu sun san littafi amma ba su san aiki ba. A ƙarƙashin shirin, ɗalibin difloma a kwalejin kimiyya da fasaha yakan yi wata 4, na jami'a kuwa yawanci wata 6. Ana ba kowa littafin da zai riƙa rubuta abin da ya yi kullum, mai wurin aiki ya sa hannu, malami kuma ya zo daga makaranta ya duba. Ba don mawaƙa aka yi shirin ba, amma mai karatun aikin jarida da watsa labarai, ko aikin lantarki, ko kwamfuta, yana iya neman a tura shi gidan rediyo ko situdiyo in makarantarsa ta amince da wurin.

Haka yayana ya yi. Yana karatun watsa labarai, ya kuma yi watanninsa huɗu a wani situdiyo a Kano, inda ake ɗaukar waƙoƙin fim da na biki da tallace-tallacen rediyo. Da dogon hutu ya zo, Baba ya yarda in riƙa bin sa har mako biyar, bisa sharaɗin in dawo gida kafin magariba. Wurin ɗaki biyu ne kacal, da gilashi a tsakaninsu. A ɗayan mai waƙa ke tsayawa, an lulluɓe bangon da soso domin kada murya ta yi amsa-kuwwa. A ɗayan kuma akwai kwamfuta da fiyano da lasifika biyu, da kujerar maigida. Makon farko ba a bar Yaya ya taɓa kome ba sai tsintsiya da wayoyi. Naɗe waya ma ashe ilmi ne, domin in ka naɗe ta a gwiwar hannu kamar igiyar guga, zaren da ke cikinta yakan karye, wata rana ana tsakiyar aiki ta ɗauke.

Abin da ba zan manta ba shi ne wata ranar Talata da aka gama ɗaukar wata waƙar biki. Maigida ya kunna ta, ya tsai da ita daidai inda mai waƙa ya yi shiru, ya juyo ya ce wa Yaya, "Malam ɗalibi, me kake ji?" Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ji kome ba." Ya ƙara murya, sai ga wani gurnani siriri a ƙasa, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Ya ce mu tashi mu nemo inda yake fitowa. Muka yi ta bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya har muka tarar wayar makirfo ta kwanta a jikin wayar wuta a bayan tebur. Da aka raba su gurnanin ya ɓace. Sa'an nan ya bayyana mana cewa wutar lantarkin ƙasarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa guda, wannan kaɗawar ce ke tsallakawa cikin wayar murya. Ni kuwa mun yi wannan darasi a ajin fizis zangon da ya wuce, na kuma rubuta shi a littafina, amma ban taɓa zaton abu ne da kunne ke ji ba. Dole aka sake kiran mai waƙar ya maimaita, maigida kuma bai karɓi ko sisi a kan wannan maimaici ba.

Na kuma ga cewa rabin aikin haƙuri ne da iya zama da mutane. Mawaƙi zai rera baiti ɗaya sau goma sha biyar, injiniya ya san na uku ne ya fi kyau, amma ba zai ce masa sauran ba su yi ba, sai ya ce, "Alhaji, a ƙara ɗaya don mu sami zaɓi." Ɗan koyo kuwa ba ya sa baki sai an tambaye shi, kuma waƙar da ba ta fito ba amana ce, ba a tura wa aboki ko da ya rantse ba zai ba kowa ba. Kowane aiki a wuri biyu ake ajiye shi kafin a tashi, saboda wuta tana iya ɗaukewa kafin a ta da janareto. Wani abin da ya dame ni shi ne, cikin mako biyar ɗin nan sau ɗaya tak na ga an rubuta takarda tsakanin mai waƙa da mai kiɗa. Sauran duk da baki ne, "ai mu 'yan'uwan juna ne." Alhali kuwa Nijeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. Ran da waƙa ta karɓu kuɗi ya shigo, ranar 'yan'uwantaka ke shiga uku. Duk wanda ya iya rubuta yarjejeniya da Hausa mai sauƙi, ya kuma iya lissafin rabo, ina ganin ba zai rasa abin yi a wannan kasuwa ba.

Kafin watanninsa su cika, Yaya ya kai ga ana bar masa tallar rediyo ya ɗauka shi kaɗai. Amma ba kowa ya yi wannan dace ba. Wani abokin karatunsa da ya je wani wurin dabam, wata huɗun nan kaf a sayen abinci da man janareto ya ƙare su. Ko sau ɗaya ba a bar shi ya zauna gaban kwamfuta ba, ranar ƙarshe kuma mai wurin ya sa hannu a shafukan littafinsa gaba ɗaya ba tare da ya karanta ba. Makin ya samu, aikin bai samu ba. In muka auna da ma'aunin nan na kotun Amurka, mun san wanda ya ci moriyar zaman.

Saboda haka, iyayenmu, roƙona gare ku shi ne, in ɗanku ko 'yarku ta zo da wannan magana, kada a yi saurin cewa a'a, kada kuma a yi saurin cewa i. A je a ga wurin da ido. A san mai shi, a san irin waƙoƙin da ake ɗauka, domin akwai situdiyon da aikinsa waƙoƙin yabon Annabi ne da tallace-tallace da shirye-shiryen wayar da kai, akwai kuma wanda ba za ku so ɗanku ya ji abin da ake rerawa a ciki ba. A tambayi wanda zai koya masa, da abin da zai iya yi da hannunsa in ya gama. A yi maganar lokacin tashi tun farko, domin yawancin masu wannan aiki sun fi son dare, sa'ad da gari ya yi tsit, wannan kuwa bai dace da ɗalibi ba, balle 'ya mace. A tabbata malamin makaranta zai riƙa leƙawa. A kuma kula da lafiyar kunne, domin masana sun nuna cewa ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85, in mutum yana zama cikinta awa takwas kullum, tana rage ji a hankali, jin da ya tafi ta wannan hanya kuwa ba ya dawowa.

Mu kuma 'yan'uwana ɗalibai, horon nan sai an shiga babbar makaranta ake samunsa, babbar makaranta kuwa sai da sakamako mai kyau. Mai son zama injiniyan sauti ya riƙe fizis da lissafi. Mai son ofis ya riƙe darasin kasuwanci da akanta da Turanci, domin yarjejeniyar kamfanonin waje da Turanci take zuwa, ƙananan haruffan ƙasa kuma su ne masu cizo. Mai son tsara waƙa ya riƙe Hausa da gaske, ya san karin magana da ma'aunin waƙa da amsa-amo, kada ya dogara ga na'ura ta gyara masa murya.

Akwai kuma abin da za mu iya farawa tun yanzu ba sai mun jira ba. Lasifikar da ake amfani da ita wajen taron safe da ranar ba da kyaututtuka kullum tana kuka, kullum kuma sai an ɗauko mai gyara daga gari. Na yi wa malaminmu na fizis magana, ya ce in shugaban makaranta ya yarda, zai karɓi ɗalibai shida, maza uku mata uku, ya koya musu haɗa ta da kwance ta da adana wayoyinta, su riƙa kula da ita bi da bi har ƙarshen shekara. Wanda yake so ya ba da sunansa ga shugaban ɗalibai kafin ranar Alhamis ta mako na biyu bayan dawowa hutu.